Darasin Gani-da-Ido na Malam Haladu

Ni malamin lissafi ne, babu ruwana da adon harshe. Amma bangon da ya raba ajina da aji biyar yana da wata kafa da kan mutum zai iya shiga, saboda haka duk abin da Malam Haladu ya aikata a makarantarmu a kan idona aka yi shi. Wanda ya ce na ƙara gishiri ya je Maska ranar kasuwa ya tambaya.

Makarantar tamu firamare ce a wani ƙauye bayan Maska, gonakin auduga sun kewaye ta ta ko'ina. Muna da malaman sa-kai biyu masu koyarwa ba tare da takardar ɗaukar aiki ba. Akwai Malama Roda, 'yar garin, mace marar hayaniya. Akwai kuma Malam Haladu, wanda ya zo mana daga Funtua da jaka mai kwaɗo da takalmi mai tsini. Shekara uku ke nan yana jiran takarda, har yayansa ya gaji ya ba shi wa'adi: in zangon nan ya ƙare babu ita, ya tattaro ya dawo Funtua ya karɓi keke-napep ya riƙa ja. Shi kuwa Haladu ya riga ya gaya wa duk majalisar unguwarsu cewa darakta ake shirin ba shi, don haka in aka ambaci keken nan har zufa yake yi.

Wata ranar Juma'a Hedimasta Sulemanu ya tara mu a gindin mangwaron da muke kira ofishin malamai. Ya ce an ba makarantarmu gurbi ɗaya tak. Hajiya Maijidda, mai duba makarantu, za ta zo Alhamis ta sama ta ga yadda Roda da Haladu za su koyar da 'yan aji biyar adon harshe. Wanda ya fi, shi ke da takarda.

Haladu ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Adon harshe? Ranka ya daɗe, ai an kawo ni gida. Lokacin da nake kwaleji, in malaminmu ya rasa misali ni yake aikawa a kira. Akwai ranar da na yi wa wani mai shayi bayanin adon harshe a tashar Funtua, sai da direbobi suka kashe motocinsu."

"Ka tabbata ba mai ne ya ƙare musu ba?" in ji Roda, tana fere alli.

"Malama, matsalarku ke nan, allo da alli. Ni tsarina sunansa Gani-da-Ido. In na ce wani abu kamar wani yake, sai na kawo su duka biyun na jera a gaban yaro."

"In ka ce mutum ya yi ƙiba kamar giwa fa?"

"Sai a nemo giwa."

Hedimasta ya ce Allah ya sa mu ga alheri, aka tashi.

Ranar Litinin Haladu ya fara gwaji. Na ba 'yan ajina aikin ninkawa, na je na sa ido a kafar bango. Ya ce wa yara yau za a yi kamantawa, wato ka ɗauki abu ka ce kamar wani abu yake. Ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe: Rigar Hedimasta fara ce kamar auduga.

Wata yarinya mai suna Fiddausi ta ɗaga hannu.

"Malam, wace auduga? Tsinkar fari ko tsinkar ƙarshe?"

"Auduga auduga ce."

Ajin ya fashe da dariya. Yaran nan tun suna goye suke zuwa tsinka. Kowannensu ya san tsinkar fari ita ce fara tas, ta ƙarshe kuwa duk ƙasa ce da ɓurɓushin ganye, wadda masu saye ke turewa gefe. Haladu ɗan birni bai san da wannan ba. Tasa audugar a bayan shagon awo ya tsinto ta, cikin wadda aka ture. Da ya zaro ta daga jaka, launinta ya fi kusa da na kunun tsamiya, har da jan ƙwaro guda biyu suna yawo a kai.

Ya aika aka kira Hedimasta, ya tsayar da bawan Allah a gaban aji, ya ɗora masa dunƙulen a kafaɗa.

"Yara, kun gani? Iri ɗaya!"

"Iri ɗaya!" suka amsa, wasu suna kwanciya a benci don dariya.

Kafin a fita hutun ƙarfe tara labari ya isa gidan Hedimasta. Matarsa Mama Fibi ita ke wanke rigar nan da bula, ta goge da dutsen guga na gawayi, kuma duk garin an san ba a taɓa ta a kan wanki. Sai ga ta ta shigo aji ba sallama, kumfar sabulu har gwiwar hannu.

"Kai ne ka ce wankina kamar tsinkar ƙarshe?"

"Mama, ai kamantawa ce. Ilimi ne."

"To ni ma bari in yi ilimin. Wuyanka kamar mariƙin lema. Takalminka kamar bakin ɓera. Yara, iri ɗaya?"

"Iri ɗaya!"

Wallahi na ga yara suna rubutawa a littafi. Da ta fita, Haladu ya gyara hula ya leƙo ta kafar bango, muka yi ido huɗu.

"Ka gani ko, Malam? Rana ɗaya, darasi ya shiga har cikin gidajen aure."

Ranar Talata aka shiga mutuntarwa, wato ka ba dabba ko wani abu halin mutum. Roda a nata gwajin cewa ta yi kawai, "Masara tana rawa a gona," yara suka gane, aka wuce. Haladu ya ce wannan lalaci ne. Ya faki idon Mero mai awara a bakin ƙofa, ya kwance akuyarta, ya sa mata rigar makaranta da aka tsinta ba mai ita, ya ɗaura mata hula, ya zaunar da ita a benci tsakanin Murna da Abdussamad.

"Daga yau ita ma ɗaliba ce. Wannan shi ne mutuntarwa."

"Malam, a sa sunanta a rajista?" in ji Murna.

"Ku kawo rajistar."

Aka kawo, aka ajiye a gabanta. Haladu ya juya allo yana bayani yana jan dogon layi. Kafin ya juyo ta cinye shafi uku, ta haɗa da takardar shirin darasinsa. Ya daka mata tsawa, ta tsallake benci biyu, ta fice ta taga.

Hedimasta ba ya gani sosai in babu tabarau, kuma ranar ya manto shi a gida. Ya fito daga ofis ya hango rigar makaranta a cikin furannin da ya shuka da hannunsa.

"Kai! Ɗan aji nawa ne kai? Durƙusa nan!"

Ya matsa kusa ya ga ɗalibin ya riga ya durƙusa, hannu da gwiwa, amma bai daina cin fure ba. Akuya ta ɗago ta yi masa kuka a fuska.

"Ni kake mayar wa magana? Wane ne ubanka a garin nan?"

"Bunsurun Mai Unguwa ne, ranka ya daɗe," in ji Mero, wadda ta iso da matsami a hannu, mai yana ɗiga. Ta juya kan Haladu da ya biyo da gudu. "Malam, akuyata ka sa wa riga? Ni da nake suya a rana shekara tara ba wanda ya taɓa ba ni ko ɗankwali?"

"Mero, darajarta aka ɗaga."

"Ka fara ɗaga taka. In takardar nan ta ɓata mata ciki, a ɗakinka za ta kwana."

Hedimasta ya ɗauki ragowar rajistar ya kai ta dab da hancinsa. Ya ce a hukumance yanzu rabin 'yan aji biyar ba su nan, suna cikin akuya. Ni aka sa na sake rubuta sunayen, kuma har yau ban yafe ba.

Da aka tashi Roda ta same shi a gindin mangwaro. Tsakani da Allah ta yi masa magana, don ba ta da mugunta.

"Malam Haladu, ka bar dabbobin nan. Yaran nan suna da misalai a bakinsu, tambayarsu kawai za ka yi."

"Na gane," in ji shi. "Tsoro ya fara kama ki. Ki jira Alhamis, na ajiye babbar."

Babbar ita ce kambamawa, wato ka faɗi abu ya wuce gaskiya don ƙara armashi. Ni ya zaɓa ya gaya wa shirin, wai don ni mutumin lissafi ne zan gane. Zai rubuta a allo: Shanun Baba Manu suna iya jan makaranta. Sa'an nan ya shigo da shanun da amalankensu, ya ɗaure igiya daga amalanken zuwa ginshiƙin barandar da baƙi za su zauna. Shanu su tsaya, makaranta ta tsaya, yara su gani da idonsu cewa ba ta motsa ba, su gane maganar ta wuce gaskiya.

"Ka ɗaura a mangwaro mana," na ce masa. "Ginshiƙan nan gara ta gama da cikinsu."

"Mangwaro makaranta ne? Malam, ka tsaya a ninkawarka."

Baba Manu tsoho ne mai shanun huɗa guda biyu, Ɗanja da Ɗanfari, da damina su yi huɗa, da kaka su ja amalanke. Ya yarda ya ba da aro saboda jikarsa tana ajin. Ranar Alhamis da safe shi da kansa ya ɗaura musu karkiya a bayan aji, amalanken cike da audugar da zai kai awo bayan an gama. Ina tsaye ya ja kunnen Haladu.

"Malam, abu ɗaya. Ɗanja dama, Ɗanfari hagu. Shekara shida haka suke tun ranar da na hore su. Kowane sa da gefensa. In ka bar su haka, ko yaro ya riƙe igiya sai su yini a tsaye."

"Baba, kada ka damu. Na karanta halayyar dabbobi."

Tsoho ya tafi gaishe da baƙi. Haladu ya ja da baya ya karkata kai yana kallon shanun. Ya lissafa cewa in ya shigo fili, baranda za ta kasance a damansa, ke nan Ɗanja ne zai fuskanci Hajiya. Ɗanja kuwa ƙahonsa ɗaya a karye yake, ga tabo a gindi. Ɗanfari shi ne kyakkyawan.

"Ba za a nuna wa jami'ar gwamnati mummunan sa ba," in ji shi.

"Ka ji abin da mai su ya ce."

"Shi noma ya sani. Wannan tsara fili ne."

Ya kwance su ya musanya. Na ce ni dai babu hannuna, na tafi na nemi wurin tsayawa nesa da baranda.

Fili ya cika. Hajiya Maijidda tana zaune a tsakiyar baranda da takardunta a cinya, Hedimasta a gefenta cikin rigar nan da Mama Fibi ta ƙara wa bula har ta koma shuɗiya, ga Mai Unguwa, ga iyayen yara. 'Yan aji biyar suna zaune a ƙasa a gaba. An jingina allo da ginshiƙi. Aka yi ƙuri'a, Haladu ne farko.

Sai ga amalanke ya ɓullo daga bayan aji yana tafiya a karkace. Shanun sai gogar juna suke, kowanne yana tura kai yana neman komawa gefensa. Baba Manu ya miƙe daga cikin iyaye yana salati.

"Wa ya juya mini shanu?"

"Baba, zauna, ana darasi."

"Ɗan nan, ka sauko ka kwance su!"

"In akwai tambaya, sai ƙarshen darasi."

Haladu ya yi wuf ya ɗaure igiya a ginshiƙi, ƙulli uku. Ya haye can saman auduga da lasifikar da ya aro wurin mai tallan maganin basir. Ya gyara babbar riga, ya dubi Hajiya, ya kunna. Lasifikar ta yi wata ƙara mai tsaga kunne.

Shanun da ma a wuya suke. Ɗanja ya zabura dama, Ɗanfari ya zabura hagu, suka gwara kai, amalanke ya juya a wuri ɗaya, sa'an nan suka yanke shawara tare suka miƙe. Igiya ta ɗaure tam. Ginshiƙi ya fita daga ƙasa ba ko gardama, garin gara yana zuba. Na biyu ya bi shi, na uku ya duba ya ga ba amfanin tsayawa shi kaɗai.

Allah ya taimaka rufin a hankali ya fara sunkuyowa. Mai Unguwa, wanda shekara biyu ke nan yana cewa gwiwa ta hana shi zuwa taro, shi ya fara isa gindin mangwaro. Hajiya ta fito da takalmi ɗaya, takardu a ka. Hedimasta ya tsaya ɗaukar ƙararrawa sai da Mama Fibi ta fizgo shi. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, amma rufin kwano ya zame gaba ɗaya ya bi bayan amalanke, allo a kansa.

Ƙarar kwano a bayansu ta ƙara haukata shanun. Suka shiga filin ƙwallo suna kewayawa, don ba su iya tafiya a miƙe a juye. Haladu yana kwance rub da ciki a kan auduga, hannu ɗaya ya riƙe igiyar kaya, ɗayan kuma ya manta bai saki lasifikar ba. Saboda haka har masu tsinka a gonaki suka ji shi.

"Ku tsaya! Na ce ku tsaya! Ni ne malamin aji! Wayyo Inna! Baba Manu, a mayar da su gefensu, na yarda!"

Zagaye na farko suka kwashe ragar gola. Zagaye na biyu suka bi ta kan teburin Mero, Allah ya sa ta riga ta sauke kasko. A na uku Baba Manu ya taka a hankali zuwa tsakiyar fili, ya yi fito sau ɗaya, ya kira sunayensu. Suka tsaya cak. Haladu bai tsaya ba. Shi da rabin audugar suka wuce ta saman ƙahoni suka sauka a gaban 'yan aji biyar.

Ya miƙe. Zufa da man da ya shafa sun kama auduga tun daga hula har takalmi, ido biyu kawai ake gani. Ya ɗaga lasifika.

"To, yara, wannan shi ne kambamawa."

"A'a, Malam," in ji Hajiya Maijidda, tana tsaye da ƙafa ɗaya. "Kambamawa ita ce abin da bai faru ba. Waɗannan sun ja ta. Ga ta can kusa da gola."

Hedimasta ya fara ba da haƙuri, yana cewa a ɗage na Malama Roda tunda allo ya tafi. Roda ta ce ba sai an ɗage ba. Ta jefa allinta a jaka, ta tafa hannu sau biyu, yara suka juyo.

"Malam Haladu, don Allah tsaya nan yadda kake. Yara, ku dube shi da kyau. Wa zai ba ni kamantawa?"

Hannu arba'in suka tashi. Ta nuna Fiddausi.

"Malam ya yi fari kamar tunkiyar da ta faɗa buhun gari."

"Madalla. Mutuntarwa fa?"

Murna ta miƙe. "Baranda ta gaji da zama, ta tashi ta bi shanu yawo."

"Kambamawa?"

Abdussamad ko jira a nuna shi bai yi ba. "Ihun Malam ya kai Malumfashi, har masu babur suka tsaya suna tambaya wa aka yanka."

Iyaye suka kwashe da dariya, Baba Manu ma da yake fushi sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Yara suka ɓarke, wannan ya faɗa wancan ya ɗora, har waɗanda ba su taɓa buɗe baki a aji ba. Roda tana tambayar kowanne wane iri ne ya kawo, yana faɗa daidai. Hajiya ta zauna a kan ginshiƙin da ya faɗi tana rubutu ba ɗagowa. Haladu yana tsaye inda aka tsayar da shi, in an ba da misali mai kyau har gyaɗa kai yake yi.

Da aka gama Hajiya ta ce shekararta goma sha ɗaya tana duba makarantu, ba ta taɓa ganin yara sun kama adon harshe haka ba. Haladu ya matso yana tsintar auduga daga gira.

"Ranki ya daɗe, tsarina ne. Gani-da-Ido."

"Na gani da idona kuwa. Bari in karanta muku abin da na cike." Ta ɗaga takardar. "Darasi: adon harshe. Sakamako: ya yi kyau ƙwarai. Malamar da ta koyar: Roda Yabo."

"Ni fa, ranki ya daɗe?"

"Kana ciki." Ta sauke yatsa ƙasa. "Kayan koyarwa da aka yi amfani da su: Malam Haladu, guda ɗaya."

A nan dariya ta ƙare mini. Na ga yadda ya tsaya da lasifikar aro a hannu, shekara uku sun tafi a safiya ɗaya, na ji tausayinsa har cikin raina. Roda ma ba ta yi murna a gabansa ba, ita ta taya shi cire audugar baya. Sati biyu ya yi yana taya kafinta mayar da baranda, sa'an nan ya ɗauki jakarsa mai kwaɗo ya hau babur.

Watan jiya na je Funtua, na tare keke-napep daga tasha zuwa kasuwar hatsi, sai na ga shi ne. Ya rungume ni, ya ƙi karɓar ko sisi. Kafin mu kai shataletale ya riga ya juya yana ba sauran fasinjoji labari, hannu ɗaya a kan sitiyari.

"Ku tambayi wannan, shaida ne. Duk faɗin ƙaramar hukumar nan ni kaɗai ne ɗan Adam da aka rubuta a takardar gwamnati a matsayin kayan koyarwa. Daga ni sai allo sai taswirar duniya."

Wata tsohuwa da ke riƙe da kaza a bayansa ta ce, "To ɗan nan, in kai kayan gwamnati ne, me ya sa ba su adana ka ba?"

Haladu ya kauce wa rami, ya gyara hula.

"Sun so, Inna. Siton ne ya yi mini kaɗan."